KESO GUDA: TARIHIN ZAMBAR ASHIRIN A ƘIDAYAR HAUSA

1. Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Tarauni, ko kuwa ya taɓa tsayawa ciniki a bakin hanyar Zariya wajen Gyaɗi-Gyaɗi, lalle ya ji ana ƙidayar kuɗi iri biyu. Yaron shago ya ce dubu ɗaya, dattijuwar da ta zo cefane ta ce jaka biyar, kuma ba wanda zai ruɗe, gama kowa ya sani jaka guda naira ɗari biyu ce. In an tambayi yaron dalilin da ya sa ake ce wa takarda ɗaya tak jaka, sai ya yi shiru. In kuwa aka ce masa keso, ko hauya, ko zangu, da wuya ya san cewa sunayen adadi ne.

Waɗannan unguwanni biyu a bayan ganuwar birnin Kano suke, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, wadda ƙidayar shekara ta 2006 ta samu tana da mutum fiye da 220,000. Sa'ad da Baturen nan Heinrich Barth ya sauka Kano cikin shekara ta 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin duka mutum 30,000 ne. Saboda irin wannan bambanci, da yawa daga cikin ɗalibanmu na kwalejojin horon malamai suna zaton manyan lambobi baƙi ne a ƙasar Hausa, wai sai da miliyan da biliyan suka zo daga Turanci sa'an nan Bahaushe ya iya ƙirga abin da ya wuce dubu. Malamin da ya tafi aji da wannan zato, zai koyar da lissafi kamar abin aro, yaran kuwa su karɓe shi a haka.

Nufina cikin wannan takarda shi ne in gwada wannan zato da adadi guda ɗaya, watau 20,000, wanda mutanen da suke kira zambar ashirin, ko kuwa keso guda in ana maganar kuɗin wuri. Za mu duba yadda aka hau har aka kai gare shi, da matsayinsa a wurin malaman hisabi, da inda yake da amfani da inda yake gazawa, kana mu ga abin da ya rage nasa a bakin mutane yau.

2. Zuwan wuri ƙasar Hausa

Wuri ƙwaryar wata 'yar dabbar teku ce. Irin wanda aka fara kashewa a ƙasashenmu, wanda masana halitta suke kira Cypraea moneta, daga tsibiran Maldib yake fitowa, cikin tekun Indiya. Ibn Batuta ya ga yadda ake tara shi a can, ya kuma tarar ana ciniki da shi a Mali da Gawo sa'ad da ya zo Afirka ta Yamma cikin 1352 da 1353. Amma littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya ce wuri bai shigo ƙasar Hausa ba sai zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731. Ke nan wajen shekara metan aka yi ana kashe shi a Kano kafin Turawa su ci birnin a 1903.

Shaidar farko ta ƙarfin wuri a rayuwar Hausawa tana cikin harshe. Kalmar kuɗi ita kanta jam'in wuri ce: wuri ɗaya, kuɗi goma. Da wurin ya tafi, sai jam'insa ya zauna ya zama sunan duk abin da ake saye da shi, ko azurfa, ko takarda.

Wuri yana da hali biyu da suka tilasta wa 'yan kasuwa ƙwarewa a kan manyan lambobi. Na fari, darajarsa kaɗan ce ƙwarai. Barth ya tarar ana canjin dala guda ta azurfa a kan wuri 2,500 a Kano. Na biyu, ba shi da babba da ƙarami kamar yadda sule ya fi kwabo. Ko ana sayen gishirin miya, ko ana sayen doki, da ƙwaya iri ɗaya za a biya. Saboda haka ko talaka sai ya yi hulɗa da dubbai. Barth ya ce iyali guda suna iya zama cikin wadata a Kano da wuri 50,000 zuwa 60,000 a shekara, har da tufafinsu. Ya ce kuɗin ƙasa wuri 2,500 ne a kan kowane maigida, kowace karofi kuwa tana biyan 700. Tufafin da Kano take sayarwa ga ƙasashen waje ya ƙiyasta su a kan wuri 300,000,000 a shekara, in an yi ƙaranci. Mutanen da suke harka da irin wannan adadi ba za su rasa hanyar faɗinsa ba.

3. Matakalar ƙidaya

Kafin Barth ya iso Kano ya tsaya a Tasawa, wadda take cikin Jamhuriyar Nijar yanzu, cikin watan Janairu na 1851. A can ya ga ana ƙirga wuri 500,000, ya bayyana yadda ake yi. Ya ce a ƙasar Hausa ba a shirya wuri a zare kamar yadda ake yi a bakin teku. A warwatse yake, sai an bi shi da hannu. Mai ƙirga yana jawo biyar biyar, yana tara su tsibi tsibi, kowane tsibi metan ko dubu. Ya ce sarakunan garuruwa suna ɗaure wuri 20,000 cikin ƙunshi guda, amma ba ɗan kasuwar da zai karɓi ƙunshin sai ya kwance ya ƙirga. Sai da mutum biyar ko shida suka sa hannu kafin a gama wannan aiki na Tasawa. Tun kafin Barth, Clapperton wanda ya zo Kano a 1824 ya yaba da saurin mutanen gari wajen ƙirga kuɗi masu yawa.

In muka haɗa wannan bayani da kalmomin da ƙamusoshin Hausa suka adana, kamar na Bargery na 1934 da na Abraham, sai mu sami matakala kamar haka:

biyar, jan hannu ɗaya: 5
hauya, jan hannu huɗu: 20
zangu, hauya biyar: 100
metan, hauya goma: 200
dubu ko alif, tsibin metan sau biyar: 1,000
keso, dubu sau ashirin: 20,000

Mai karatu zai lura matakan da biyu da biyar aka gina su, ba wata lamba dabam. Zai kuma lura cewa keso hauyar dubbai ne: yadda ake tara wuri ashirin a ce hauya, haka ake tara dubu ashirin a ce keso. Asalin ma'anar keso tsohuwar tabarma ce, irin wadda ake naɗe kuɗin a ciki, sai sunan mazubi ya koma sunan adadi. Yarbawa ma haka suka yi, gama kalmarsu oke tana nufin buhu, tana kuma nufin 20,000. Dalilin da ya sa ƙabilu biyu suka tsaya a kan adadi ɗaya a fili yake. Wurin Maldib kamar ɗari huɗu ne suke yin laba guda, saboda haka 20,000 sun yi laba hamsin, watau kilo ashirin da 'yan kai, daidai kayan da mutum zai ɗauka a ka ya yi tafiyar yini. Yawan yatsu ne ya ba da matakin farko, ƙarfin wuyan ɗan dako ya ba da na ƙarshe.

Ta fuskar harshe, kalmomin ƙidayar Hausa hawa biyu ne. Akwai na gida, irin su ɗaya zuwa goma, da gomiya biyu, gomiya uku, waɗanda tsofaffin littattafan nahawu suka rubuta a madadin ashirin da talatin. Akwai kuma na Larabci, waɗanda J. H. Greenberg ya yi nazarinsu a 1947, M. Hiskett kuma a 1965 cikin maganar kalmomin aro. Daga ashirin har casa'in duk na Larabci ne, haka nan minya, da metan, da arbaminya, da hamsaminya, da alif, da alfin. Abin sha'awa a nan shi ne yadda Hausa ta ɗauki ƙananan lambobin Larabci ta ba su aikin dubbai: talata 3,000, arba 4,000, hamsa 5,000, sitta 6,000, saba'a 7,000, tamaniya 8,000. Balarabe in ya ce hamsa biyar yake nufi, Bahaushen kasuwa kuwa dubu biyar, don shi yana da tasa biyar ɗin tun asali, abin da yake bukata gajeren suna ne na farashin da yake faɗi kullum. Daga goma zuwa sama sai zambar ta karɓa: zambar goma, zambar ashirin, zambar ɗari, har zambar dubu, wadda ita ce miliyan. Akwai kuma hanyar ragewa, da babu ko gaira, kamar ashirin biyu babu, ko metan gaira ashirin, watau 180.

Wannan tsari yana maganin wani ruɗani da muke fama da shi a aji har yau. In malami ya ce dubu ashirin da biyar, wani yaro zai rubuta 25,000, wani ya rubuta 20,005, kuma ba wanda za a ce ya saɓa wa nahawu. Mai tsohuwar ƙidaya yana da mafita, gama yana iya cewa keso guda da hamsa in na farko yake nufi, ko keso guda da wuri biyar in na biyu ne. Da keso kuma manyan lambobin Barth suna komawa abin da baki zai iya ɗauka: kuɗin Tasawa keso 25 ne, abincin iyali na shekara keso biyu da rabi zuwa uku, cinikin tufafin Kano kuwa keso 15,000.

4. Matsayin adadin a wurin malaman hisabi

Yanzu sai mu ajiye tabarma mu dubi adadin shi kansa. Ilmin rarraba lambobi aji aji tsoho ne. Mutanen Yunan suka fara tsara shi, musamman Iƙlidis da Niƙomakus, sai Sabitu ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya fassara littafin Niƙomakus da Larabci. Daga nan ilmin ya yaɗu har Magrib, inda aka sami irin su Ibn al-Banna na Marrakush, mai littafin Talkhis a kan ayyukan hisabi. Ƙasar Hausa ma ta fid da nata gwani, Muhammadu ɗan Muhammadu Bafulatani Bakatsine, wanda ya gama littafinsa Bahjat al-Afaƙ wajen 1732, inda ya bayyana ƙa'idodin cika gidajen hatimi da lambobi yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Ke nan zamanin da wuri yake shigowa Kano, akwai ɗan ƙasar nan da malaman Masar suke girmamawa a kan ilmin lambobi.

Rabon farko da malaman hisabi suke yi shi ne tsakanin adadin da yake rabuwa biyu daidai da wanda ba ya rabuwa. Kowane mai salla ya san sunayensu, watau shafa'i da wutiri. Da Hausa ana cewa cika da mara. Keso cika ne. Amma cika iri uku ne a wurinsu. Akwai wanda za a yi ta raba shi biyu har a kai ga ɗaya, kamar 32. Akwai wanda sau ɗaya kawai yake rabuwa sai a ci karo da mara, kamar 10. Akwai kuma na tsakani, wanda yake rabuwa fiye da sau ɗaya amma ba ya kai wa ga ɗaya. Keso cikin na ukun nan yake: rabinsa 10,000, rabin wannan 5,000, sai 2,500, sai 1,250, sai 625, nan rabo ya tsaya. Sau biyar ke nan. Shi kuwa 625 biyar ne aka ninka sau huɗu, watau 5 × 5 × 5 × 5.

Lamba irin 2 da 5, wadda ba abin da yake raba ta daidai sai ita kanta da ɗaya, Larabawa suna kiranta awwal. Mu ce mata gagara-rabo. Kowane adadi da irin waɗannan aka gina shi, kuma ta hanya ɗaya tak. Ginin keso shi ne biyu sau biyar, da biyar sau huɗu: 32 × 625 = 20,000. Daga wannan gini ake gane yawan lambobin da suke raba shi ba saura. Ana iya ɗaukar biyu ta hanya shida, daga babu ko ɗaya har zuwa biyar ɗin duka, ana iya ɗaukar biyar ta hanya biyar, shida sau biyar kuwa talatin. Ga su nan: 1, 2, 4, 5, 8, 10, 16, 20, 25, 32, 40, 50, 80, 100, 125, 160, 200, 250, 400, 500, 625, 800, 1,000, 1,250, 2,000, 2,500, 4,000, 5,000, 10,000, da 20,000. Duk matakan da muka lissafa a baya, da hauya da zangu da metan da dubu, suna cikin jerin nan.

Rabo na uku shi ne wanda ake yi ta hanyar tara juzu'an adadi, watau duk masu raba shi ban da shi kansa. In jimlarsu ta zo daidai da adadin, sai a ce tammi, cikakke, kamar 6, gama 1 da 2 da 3 shida ne, haka nan 28. In ta gaza, sai a ce naƙisi, tauyayye, kamar 8, wanda juzu'ansa bakwai suke bayarwa. In ta zarce, sai a ce za'idi, mai rara, kamar 12, wanda juzu'ansa suke kai 16. Juzu'an keso ashirin da tara in an tara su suna ba da 29,203, saboda haka za'idi ne, da rarar 9,203. Har wa yau keso ba murabba'i ba ne, don ba adadin da za a ninka da kansa ya ba da shi. Amma murabba'in ɗari ne riɓi biyu. Ma'anar wannan a bakin tabarma ita ce tsibin zangu guda metan, ko tsibin metan guda ɗari, ko jan hannu 4,000.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa fatake sun zauna sun yi wannan lissafi kafin su zaɓi keso. Hannu da kai suka zaɓe shi, kamar yadda muka gani. Abin da hisabi yake nuna mana shi ne dalilin da ya sa zaɓin ya dore. Rabin keso, da rubu'insa 5,000, da humusinsa 4,000, da tumuninsa 2,500, da ushirinsa 2,000, da rubu'in ushirinsa 500, duk suna fita ba a fasa wuri ko ɗaya ba. Wuri kuwa ba ya fasuwa ya ci gaba da zama kuɗi. Mutum biyu, ko huɗu, ko biyar, ko goma, in sun yi tarayya a kan kaya, sai su raba keso su tashi ba gardama.

5. Inda keso yake gazawa

Amma fa akwai lamba ɗaya da ba ta cikin ginin keso, ita ce uku. In aka raba 20,000 gida uku, kowa zai sami 6,666, wuri biyu su yi saura. A kasuwa wannan ba kome ba ne. A zauren alƙali kuwa, wajen rabon gado, uku ba ta da makawa.

Duk almajirin da ya karanta babin fara'ili cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin ya san rabo shida da aka yanka wa magada: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Malaman fara'ili suna fitar da waɗannan daga asali bakwai, watau 2, 3, 4, 6, 8, 12, da 24. In muka gwada su da jerin da muka kawo a sama, sai mu ga uku ne kaɗai suke raba keso daidai, 2 da 4 da 8. Sauran huɗun duk akwai uku cikin gininsu.

Ga misali. Mutum ya rasu ya bar mata, da uwa, da ɗa namiji guda, dukiyarsa kuwa keso guda bayan an biya bashi. Matar tana da tumuni, 2,500, ya fita sarai. Uwa tana da sudusi, shi ne 3,333 da sulusin wuri, abin da ba ya yiwuwa a miƙa mata a hannu. Da a ce keso uku ya bari, watau 60,000, da matar ta ɗauki 7,500, uwa 10,000, ɗan ya ɗauki ragowar 42,500, ba saura ko ƙwaya. Shigowar uku cikin ginin adadin ta sa masu raba shi sun tashi daga talatin zuwa sittin, asali bakwai ɗin nan kuma duk suka shiga. Haka nan in ɗa da 'ya suka gaji keso guda, namiji riɓi biyu na mace, sai an raba gida uku, sai an sami saura.

Abin da ya sauƙaƙa wannan matsala shi ne ƙanƙantar darajar wurin. Sulusin wuri ba abin da za a kai ƙara a kansa ba ne. Amma darasin da yake ciki babba ne ga mai nazarin tarihin ƙidaya: ƙasar Hausa tana da lissafi biyu da suke tafiya tare, na kasuwa wanda aka gina a kan biyu da biyar, da na zaure wanda aka gina a kan biyu da uku. Sunayen juzu'ai da muke amfani da su yau, sulusi da rubu'i da sudusi da sauransu, daga na zauren suka fito.

6. Faɗuwar wuri da zuwan jaka

Daga wajen tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus na Hambug suka shiga jigilar wani irin wuri daga Zanzibar zuwa Ikko da makwabtanta. Wannan shi ne Cypraea annulus, ya fi na Maldib girma da nauyi, kuma ya fi shi araha a inda ake samo shi. Da ya cika bakin teku sai ya yi ta hauhawa arewa ta ƙasar Nufe, darajar kuɗi ta yi ta faɗuwa. Dalar da take kimanin wuri 2,000 a zamanin Clapperton, 2,500 a zamanin Barth, ta kai kimanin 5,000 wajen ƙarshen ƙarnin. Watau keson da ya taɓa zama dala goma ya koma takwas, ya koma huɗu, nauyinsa kuwa ya ƙaru. C. H. Robinson, wanda ya yi tafiya a ƙasar Hausa cikin 1894 da 1895, ya ba da labarin dokinsu da ya kasa, suka rasa yadda za su sayar da shi, domin kuɗinsa na wuri sai an ƙaro 'yan dako goma sha biyar su ɗauka, ladansu kuwa zai cinye kuɗin har ya zarce. Marion Johnson ta bi diddigin wannan faɗuwa cikin nazarinta na 1970, sa'an nan ita da Jan Hogendorn suka faɗaɗa shi cikin littafinsu na 1986.

Da Turawa suka kafa mulki sai suka hana shigo da sabon wuri daga teku a 1904, suka buga kwabo da anini masu huda a tsaka da rubutun Larabci a 1907 da 1908, aka kuma kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912. A hankali haraji ya koma sai da tsabar Turawa, wuri ya janye zuwa ƙananan kasuwanni, daga baya ya zama kayan ado. Amma ƙidayarsa ba ta mutu nan take ba, ta shige cikin sunayen sababbin kuɗi. Ana ce wa rabin kwabo ɗari, don a wurin da sunan ya samo asali wuri ɗari yake ci, ko da yake canjin ya bambanta daga gari zuwa gari. In muka bi wannan canji, kwabo metan ne, anini kuwa, da yake shi ushirin kwabo ne, hauya guda ke nan, keso kuma kwabo ɗari.

A wannan zamani ne jaka ta zama babban ma'aunin kuɗi, tana nufin fam ɗari, bisa ga yadda ake ɗaure tsabar azurfa a baitulmali da banki. Sunan mazubi ya sake zama sunan adadi, kamar keso. Fam guda sule ashirin ne, sule kuwa kwabo goma sha biyu, saboda haka jaka kwabo 24,000 ce. Wannan adadi akwai uku cikin gininsa, masu raba shi 56 ne, asalin fara'ili bakwai duk suna raba shi daidai. Kuɗin da yaran makaranta suka sha wuyar lissafinsa ya fi kowanne dacewa da zauren alƙali.

Ran 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta bar fam ta koma naira, fam guda ya zama naira biyu, naira guda kuwa kwabo ɗari. Jaka ta zama naira 200, watau kwabo 20,000. Ba wanda ya nufi haka, dokar canjin kuɗi ce ta kawo shi, amma ga shi adadin keso ya komo cikin jaka, zangu metan kamar da. A Nijar kuma, inda dala take nufin faran biyar, jaka faran 1,000 ce, watau dala metan. A shekara ta 2000 aka buga takardar naira 200 mai hoton Sardauna Ahmadu Bello, kayan ɗan dako guda suka koma abin da ake ninkewa a sa a bakin zane. Ita ce jakar da dattijuwar Tarauni take nufi, in kuwa ta ce jaka ɗari, naira 20,000 ke nan.

7. Abin da ya shafi malaman makaranta

Daga abin da ya gabata, ina ganin zaton da muka fara da shi bai tsaya ba. Hausa tana da sunayen adadi har zambar dubu, tana da matakala mai ƙa'ida ta hawa zuwa gare su, tana kuma da sunayen juzu'ai da aikinsu, tun kafin a buɗe makarantar boko ta farko a Kano. Abin da ya faru shi ne kalmomin sun rataya ga wuri, da ya faɗi sai suka bi shi, saura kaɗan da suka sami mafaka cikin fam da naira.

Shawarata ga malaman kwalejojin horo guda uku ce. Ta fari, a koyar da gidajen lambobi da ninkawa ta hanyar matakalar nan, da tsakuwa ko 'ya'yan tsamiya: yara su ja biyar biyar, su tara hauya, su tara metan, su gani da idonsu yadda tsibi ɗari yake zama keso. Ta biyu, in an zo kan gagara-rabo da masu raba adadi, a gwada 20,000 da 24,000 da 60,000 a kan misalin gado, domin yaron da ya ga dalilin da ya sa sudusin uwa ya ƙi fita daga keso guda ya riga ya gane amfanin darasin, ba sai an roƙe shi ya haddace ba. Ta uku ta shafi mu masu nazarin harshe. Dattawan da suka yi ciniki da fam da sule kafin 1973 suna nan a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da sauran unguwanninmu, waɗansunsu kuwa sun ji ƙidayar wuri daga bakin kakanninsu. Ya kamata kowane ɗalibi da aka tura koyon aikin koyarwa ya zauna da ɗaya daga cikinsu, ya rubuta yadda yake faɗin farashi, da sunan da yake ba kowane kuɗi, da garin da ya koyi ƙidayar, ya kawo wa sashen nan a haɗa da na sauran garuruwa.